Keso da Ragowarsa

Hausawa kan ce hali zanen dutse ne. Galibi mutum ake nufi da wannan magana, amma in an duba da idon basira, adadi ya fi mutum cancantar ta. Mutum yakan sake hali in girma ya zo masa, ko in duniya ta koya masa hankali. Adadi kuwa yadda yake jiya haka yake yau. Bakwai ba ta taɓa rabuwa biyu daidai ba, ba kuwa za ta rabu ba ko da sarki ne ya ba da umurni. Wannan maƙala za ta ɗauki ɗaya daga cikin manyan adadin da Bahaushe ya raɗa wa suna, watau keso, ta dubi halinsa: inda yake da sauƙin kai, da inda yake da taurin kai, da kuma wanda taurin kan nan yake faɗa wa a ƙarshe.

A Nasarawar Burkullu, garin kasuwa da ke cikin ƙaramar hukumar Bukkuyum, tsakanin Anka da Gummi, in aka ambaci keso a yau, abin da zai fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne tsohuwar tabarma. To, amma kalmar tana da wata ma'ana da ta kusa ɓata. Kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903 su baza sulallansu, ƙasar Zamfara, kamar sauran ƙasar Hausa, da wuri take ciniki. Ita kanta kalmar "kuɗi" jam'in "wuri" ce. Daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kwaso shi, daga baya kuma aka ƙara da na gaɓar Zanzibar, ya ratso teku da daji har ya iso kasuwannin ƙasar nan. Da yake kuwa wuri ɗaya ba ya sayen abin kirki, sai a tara shi a ɗinke cikin buhun tabarma. Buhun nan mai cin wuri zambar ashirin, watau 20,000, shi ake kira keso.

Ƙirgar wuri aiki ne ja. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ga haka da idonsa a Tasawa, cikin ƙasar Nijar ta yanzu, a watan Janairu na 1851, inda ya sa hannu aka ƙirga wuri 500,000, watau keso 25. Ya bayyana cewa biyar-biyar ake jawo shi da yatsu, a yi tsibi na metan ko na dubu, kuma ko an kawo wa mutum buhu a ɗinke ba ya karɓa sai ya kwance ya ƙirga. Ke nan kafin a gama keso guda, sai hannu ya kai ya komo sau 4,000. A Kano kuma, a cikin shekarar nan, ya tarar ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500. Keso ɗaya liyari takwas ke nan cif, babu ƙari babu ragi.

Wannan "cif" ba sa'a ba ce kawai, daga ginin adadin ta fito. Masana lissafi sun daɗe da gane cewa akwai wasu adadi waɗanda babu mai raba su daidai sai ɗaya da su kansu, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Ana iya kiran su gagara-rabo. Uƙlidisu, masanin Girka da ya zauna a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya nuna cewa ba su da iyaka. Su ne tubalan da ake gina kowane adadi da su ta hanyar ninkawa, kuma kowane adadi tubalansa daban ne, ba ya tarayya da wani a kan yawansu da irinsu baki ɗaya. In aka rushe keso aka dubi tubalansa, iri biyu kaɗai za a samu. A raba shi biyu, ya ba da 10,000. A sake, 5,000. A sake, 2,500. A sake, 1,250. A sake, 625. Nan biyu ta tsaya, bayan ta shiga sau biyar. Ita kuwa 625 biyar ce ke cin ta: 125, 25, 5, 1, watau sau huɗu. Ashe keso ba kome ba ne face 32 sau 625: biyu guda biyar, da biyar guda huɗu.

Biyu da biyar kuwa ba baƙi ba ne ga mai ƙirga. Hannu biyu gare shi, kowane da yatsa biyar. Saboda haka duk matakin da ya taka daga tafin hannunsa zuwa bakin buhu, yana cikin keso daidai. Hauya, watau ashirin, ta shiga sau dubu. Zangu, watau ɗari, ya shiga sau metan. Metan ta shiga sau ɗari. Arbaminya ta shiga sau hamsin, hamsaminya sau arba'in, dubu sau ashirin, alfyan sau goma. In aka lissafa dukkan adadin da ke raba keso ba tare da ragowa ba, guda 30 ne, ga su: 1, 2, 4, 5, 8, 10, 16, 20, 25, 32, 40, 50, 80, 100, 125, 160, 200, 250, 400, 500, 625, 800, 1,000, 1,250, 2,000, 2,500, 4,000, 5,000, 10,000 da 20,000. Mai karatu zai lura cewa da dama daga cikinsu Bahaushe ya ba su suna na musamman. Haka kuma in aka nemi humusi daga keso, 4,000 ne, ushira 2,000, ɗaya bisa arba'in kuwa 500. Duk sun fita lafiya lau.

Akwai kuma wani kashi da magabata suka kasa adadi, ban da cika da mara da kowane ɗan firamare ya sani. Nikomakus, mutumin Jarash ta ƙasar Jodan ta yanzu, ya rubuta shi wajen shekara ta 100 Miladiyya, Sabitu ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya fassara littafin zuwa Larabci. Abin da ake yi shi ne a tara dukkan masu raba adadi, ban da shi kansa, a gwada jimlar da shi. In jimlar ta yi daidai da shi, kammalalle ne, kamar 6, wadda take 1 da 2 da 3. In ta gaza, tauyayye ne, kamar 8, wadda masu raba ta 7 kawai suka tara. In ta zarce, mai rara ne, kamar 12, wadda nata suka kai 16. Kammalallu ƙalilan ne ƙwarai: 6, 28, 496, 8,128, daga nan kuma sai 33,550,336. Keso dai ba ya cikinsu. Masu raba shi sun tara 29,203, sun ɗara shi da 9,203, saboda haka mai rara ne. Gado ya yi kuwa, domin hauya ma haka take: 1, 2, 4, 5 da 10 sun tara 22. Ƙa'ida ce tabbatacciya cewa duk adadin da aka samu ta ninka mai rara, shi ma mai rara ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Har zuwa nan keso ya nuna kyakkyawar fuskarsa ce, fuskar kasuwa. Amma dukiya ba kasuwa kaɗai take zuwa ba. Ran da mai ita ya kwanta dama, gaban malamin gado ake kai ta, can kuwa wasu tambayoyi ake yi wa adadi dabam. Rabon da Alƙur'ani ya yanka a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, guda shida ne: nusufi, rubu'i, sumuni, sulusani, sulusi da sudusi. Ukun farko 'ya'yan biyu ne, keso yana maraba da su. Ukun ƙarshe kuwa sai da uku, uku kuwa ba ta cikin tubalan keso ko guda.

Alal misali, a ɗauka wani magidanci ne a ƙasar Bukkuyum a zamanin wuri ya rasu ya bar keso ɗaya, bayan an biya bashi an zartar da wasiyya. In mata ɗaya da ɗa namiji ɗaya ya bari, ba wata wahala: sumunin matar 2,500 ne, saura 17,500 na ɗan. In kuwa ɗa ɗaya da 'ya ɗaya ya bari, kashi uku za a yi, namiji biyu mace ɗaya. 'Yar ta ɗauki 6,666, ɗan ya ɗauki 13,333, wuri ɗaya ya yi zaune a tsakiyar tabarma. A haƙiƙanin lissafi sulusinsa na ɗan ne, sulusani na 'yar, amma wuri in an fasa shi ya tashi daga kuɗi.

Abin ya fi fitowa fili a mas'alar nan da ɗaliban Risala da Muhtasar suka sani da suna Mimbariyya, wadda ake jingina amsarta ga Sayyidina Ali. Mutum ya rasu ya bar mata, da 'ya'ya mata biyu, da uba da uwa. Asalin mas'alar 24 ne: mata 3, 'ya'ya 16, uba 4, uwa 4. In an tara sai a samu 27, sun fi asalin. Sai a yi auli, watau a raba dukiyar kashi 27 maimakon 24, kowa ya ragu gwargwadon rabonsa, har sumunin matar ya koma ɗaya bisa tara. To, 27 kuwa uku ce sau uku sau uku, babu abin da ya haɗa ta da keso ko kusa. In an raba, kowane kashi 740 ne, hauya ɗaya ta yi saura. In malami ya ci gaba da bin hauyar nan, matar za ta tashi da 2,222, kowace 'ya 5,925, uba 2,962, uwa 2,962. Jimla 19,996. Wuri huɗu sun rage, magada kuwa biyar ne, kowa da ɗan haƙƙinsa a ciki, babu kuma wanda ya mallaki ko ɗaya cikakke. A nan alƙalami ya ajiye aiki. Abin da ya rage sai yafiya da yardar juna.

Wani zai ce wuri huɗu me za su yi? Gaskiya ne ba su sayen kome. Amma mai raba gado na ƙwarai ba don darajarsu yake ambatar su ba. Yana ambatar su ne domin ragowa ba ta ɓacewa. In ba a faɗe ta a bainar jama'a ba, to, ta shiga hannun wani a ɓoye, galibi kuwa hannun wanda ya fi kowa iya lissafi a wurin. Wanda ya saba haɗiye huɗu ba da sanin masu su ba, ba zai ji nauyin haɗiye arbaminya ba. Wannan ne ya sa ilmin gado da ilmin lissafi suka taso goye da juna. Alhawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, ya ba da babban kashi na littafin ga mas'alolin gado da wasiyya. Ƙasar Hausa ma ba a bar ta a baya ba wajen nazarin adadi. Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Katsinawi ya rubuta littafi a 1732 a kan yadda ake jera adadi cikin hatimi har kowane layi ya ba da jimla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741.

Abin mamaki shi ne yadda maƙwabtan keso suka sha bamban da shi. In aka zare wuri uku daga buhu, ya zama keso gaira uku, watau 19,997, an faɗa kan gagara-rabo. Duk hanyoyin nan 30 sun toshe, saura biyu: ko mutum ɗaya ya kwashe duka, ko mutum 19,997 su ɗauki ɗai-ɗai. In kuma aka ƙara wa keso hauya takwas, ya zama 20,160, sai a samu adadin da tubalansa suka haɗa da 2 da 3 da 5 da 7. Masu raba shi 84 ne. Tun daga ɗaya har goma babu wadda ba ta cin sa daidai, haka 12 da 24. Yana cikin jerin adadin da Ba'indiyen nan Ramanujan ya yi nazari a 1915, waɗanda kowannensu ya fi duk na ƙasa da shi yawan masu rabawa. Da malamin gado aka ba zaɓin abin da buhu zai ci, da wannan zai zaɓa, ko da yake shi ma 27 ta fi ƙarfinsa. Amma ɗan kasuwa ne ya ɗinka buhun, shi kuwa abin da ya dame shi shi ne ƙirga ta yi sauri.

Tarihin kuɗin ƙasar nan ya yi ta kai da komo tsakanin waɗannan buƙatu biyu. Fam ɗin Ingila sule 20 ne, kowane sule kwabo 12, watau kwabo 240. Wannan adadi yana da uku a cikinsa, masu raba shi 20 ne, sulusi da sudusi da sumuni duk suna fita daga fam ba ragowa. Taro da sisi da nai duk 'ya'yan uku ne. Da aka sauya zuwa naira ran 1 ga Janairu, 1973, aka mai da ita kwabo 100, sai aka koma gidan jiya, gidan biyu da biyar, mai hanyar rabo tara kacal. Ƙirga ta yi sauƙi, rabo ya ƙara wuya. Takardar naira 200 kuma da aka fitar a shekara ta 2000 ta dawo da keso ba da saninta ba: bandir ɗinta na banki, mai takarda ɗari, naira 20,000 ne, watau metan ɗari, daidai da yadda masu ƙirgar Tasawa suke tsiba shi.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zance na tsofaffi ne da ya wuce tare da wuri. Duk adadin da bakin mutum ke saurin faɗa, dubu ɗari, miliyan ɗaya, miliyan 20, dangin keso ne, biyu da biyar ne zalla. Mai nema shi ke faɗin irin wannan adadi, domin ya fi daɗin faɗa. Masu biya kuwa ba sa zuwa ɗari-ɗari. Gidajen ƙauye yadda Allah ya yi su haka suke. Mutanen Anka da Bukkuyum da Gummi sun san wannan sani mai ɗaci, domin a shekarun da suka biyo bayan 2011 ƙauyuka da dama na Zamfara sun sha tara kuɗin fansa da harajin da 'yan bindiga ke ɗora musu, ban da karo-karo na alheri irin na gyaran masallaci ko haƙa rijiya.

A ƙaddara, don misali kawai, an ɗora wa wani ƙauye mai gida 140 naira miliyan 20. A cikin 140 akwai bakwai, bakwai kuwa ba ta cikin miliyan 20. Rabon kowane gida zai kama naira 142,857 da ɗan ɗoriya. Ba wanda zai bi gida-gida yana neman irin wannan adadi. In an ce kowa ya kawo 142,000, za a gaza da naira 120,000, wani ne kuma zai cike ta. In an ce 143,000, za a tara 20,020,000, rarar naira 20,000 ta zauna hannun masu tarawa, keso guda ke nan. Talakan da ya sayar da akuyarsa ya kawo rabonsa bai san da wannan rara ba sai in an gaya masa, ko in akwai wani a gidansa da ya iya rabawa. Mafi yawan masu tarawa mutanen kirki ne da suka ɗauki nauyin da ba wanda yake so. Amma ko mutumin kirki ya fi samun kwanciyar rai in an zauna an yi lissafin a fili, an ce ga abin da aka nema, ga abin da aka tara, ga ragowa, ga inda za ta. Zargi yakan raba gari fiye da yadda asara ke raba shi.

Sanin kowa ne cewa da yawa daga cikin ɗaliban Sashen Hausa gudun lissafi na cikin abin da ya kawo su. To, ga shi lissafin ya riga su isowa, yana zaune cikin kalmomin da aka ce su tattara. Ɗalibin da ya je Nasarawar Burkullu ko Gummi da littafinsa, ya samo hauya da zangu da zambar da keso daga bakin tsofaffi, ya rubuta kowace da adadinta a gefe, ya yi ƙoƙari, amma rabin aiki ya yi. Sauran rabin shi ne ya tambaya me ya sa aka tsaya a kan waɗannan adadi aka tsallake wasu, wa suka yi wa amfani, wa kuma suka bari da ragowa. Amsar tana buƙatar rabawa da ninkawa irin na aji huɗu kawai, amma tana buɗe tarihin kasuwa da na shari'a da na harshe gaba ɗaya. Malaman sashe kuma za su taimaka in suka riƙa karɓar irin wannan nazari a matsayin nazarin Hausa, domin ƙidaya ma al'ada ce, kamar yadda sana'a da karin magana suke.

A taƙaice, keso adadi ne cika, mai rara, mai hanyar rabo 30, wanda aka gina da biyu da biyar kaɗai. Ya dace da hannun mai ƙirga, bai dace da tabarmar magada ba. Ba laifinsa ba ne, halinsa ke nan, ba kuwa zai sake ba. Abin da ke iya sakewa shi ne halin mai rabo. Adadi ya gama nasa in ya nuna cewa wuri huɗu sun rage. Faɗin haka a gaban masu haƙƙi, da neman yardarsu kafin a taɓa, wannan aikin mutum ne.